Daga Boɗinga Zuwa Shagari: Yadda Aka Shirya Tsarin Mulkin Nijeriya

Jawabi ga iyayen ƙasa da malamansu



Wanda ya tashi daga Sakkwato ya kama babbar hanyar Tambuwal da Jega, kafin ya yi nisa zai ratsa Boɗinga, in ya ƙara gaba kaɗan sai ga shi a Shagari. Direbobi ba su ɗaukar tsakanin garuruwan nan biyu a bakin tafiya. Amma ga mai son ya fahimci abin da a ke kira tsarin mulki, da wuya a sami hanyar da ta fi wannan ba da karatu. A ƙasar Boɗinga aka zauna aka raba aikin mulkin daular Usmaniyya. Shagari kuwa ita ta haifi mutumin da ya zauna cikin majalisar da ta daidaita tsarin mulkin 1979, shi ne kuma aka fara ɗora wa nauyin aiki da shi.

Tsarin mulki ba doka ba ce irin ta haraji ko ta kasuwa. Shi ne uwar dokoki. Shi ke faɗin wanda zai yi doka, da wanda zai zartar da ita, da wanda zai yi hukunci in an karya ta, da yadda za a naɗa kowannensu, da yadda za a tuɓe shi, da kuma inda ikonsa ya tsaya. Kowane uban ƙasa ya san ƙarar da ta fi zuwa ƙofarsa da faɗuwar damina, watau iyakar gona. Inda magabata suka dasa gamba tun ana shiri, shari'ar ba ta daɗewa. Inda aka bar abin ga tunanin tsofaffi kuwa, sai an yi ta rantse-rantse. To, tsarin mulki gamba ce da a ke dasawa tsakanin masu iko tun ba su ɓata ba. Ingila ba ta tara nata cikin littafi guda ba, al'ada da dokokin tsawon zamani ke riƙe da ita. Amurka ta rubuta nata cikin 1787, har yau shi a ke bi, da gyare-gyare. Nijeriya ta ɗanɗana salon ƙasashen nan biyu, na Ingila tukuna, sa'an nan na Amurka.

Sifawa da Boɗinga

Kuskure ne a ce Turawa suka koya wa ƙasar Hausa rubuta ƙa'idodin mulki. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, a ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Magili ya rubuta littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Sa'ad da jama'a suka yi wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo mubaya'a a Gudu cikin 1804, ba lalube su ke yi cikin duhu ba, domin shugabanninsu malamai ne marubuta. Cikin 1806 Shehu ya gama Bayanu Wujubil Hijra, wanda a cikinsa ya yi magana a kan naɗin shugaba da sharuɗɗansa. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa, da ransa ya ɓaci don ganin waɗansu sun soma karkata ga abin duniya, ya kama hanyar gabas da niyyar Makka. Mutanen Kano suka tsai da shi, suka roƙe shi ya rubuta musu yadda a ke mulki bisa shari'a. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya komo gida.

Bayan an ci Alƙalawa cikin 1808, Shehu ya bar Gwandu ya zauna a Sifawa, wadda ta ke cikin ƙaramar hukumar Boɗinga a yau. Malam Abdullahi ya zauna kusa da shi a Boɗinga, Muhammadu Bello kuwa yana gina Sakkwato. Cikin 1812 Shehu ya raba aikin biyu, ya ba Malam Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas, shi kansa ya koma ga karantarwa da rubutu har ya ƙaura Sakkwato cikin 1815, inda ya rasu cikin 1817. Ya kamata a tsaya a kan wannan. Mutumin da aka yi wa mubaya'a, yana da ransa da lafiyarsa, shi ya saki aikin yau da kullum da hannunsa. Dalili kuwa a fili ya ke. Ƙasa ta yi faɗi, manzo ya kan yi makonni kafin ya kai Bauci ko Adamawa. Saboda haka kowane mai tuta ya riƙe ƙasarsa, yana naɗa alƙalansa da hakimansa, amma tabbatar da sarautarsa daga Sakkwato ko Gwandu ta ke fitowa, can kuma a ke kai gaisuwa, can a ke kai ƙarar da ta gagara. Kada a ce wannan tarayya ce irin ta yau, gama babu ƙuri'a, babu majalisar zaɓaɓɓu. Amma matsalar guda ce: yadda za a bar na nesa ya tafi da al'amuransa ba tare da ya ɓalle ba.

Cikin Kitabul Farƙi, wanda a ke dangantawa ga Shehu, an kafa mulki bisa ginshiƙai biyar. Na farko, kada a ba da sarauta ga mai nemanta. Sauran su ne shawara, da barin tsanantawa, da adalci, da kyautatawa. An kuma ambaci ma'aikata huɗu waɗanda mulki ba ya tsayuwa sai da su: amintaccen waziri mai farkar da sarki in ya yi barci, da alƙalin da ba ya tsoron zargin kowa, da shugaban 'yan doka mai ƙwato wa mai rauni haƙƙinsa, da mai karɓar haraji wanda ba ya zaluntar talakawa. Ƙa'idodi ne masu kyau ƙwarai. Sai dai akwai wurin da suka bari a buɗe, wanda za a sake gamuwa da shi nan gaba: in sarki ya saɓa musu, wa zai tsai da shi? Babu, sai tsoron Allah da ke zuciyarsa, da harshen malamai, da na bisansa in labari ya kai.

Zamanin Turawa

Turawan Ingila suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris, 1903. Gwamna Lugga ya bar sarakuna bisa gadajensu, amma ya gaya musu a fili cewa ikon naɗawa da tuɓewa da sa haraji ya koma hannun Gwamna. Daga nan aka yanka ƙasa gunduma gunduma, aka zaunar da kowane hakimi cikin ƙasarsa, aka ba shi malami da littafin haraji da albashi daga Baitulmali. A Sakkwato uban ƙasa a ke cewa, a Kano da Zazzau hakimi, aikin dai ɗaya ne. Cikin 1914 aka haɗa Arewa da Kudu. Tsarin da Gwamna Clifford ya kawo cikin 1922 ya ba Ikko zaɓaɓɓun wakilai 3, Kalaba 1, amma majalisar ba ta yi wa Arewa doka. Abin da Gwamna ya sa wa hannu shi ne dokar Arewa. Sai ran 1 ga Janairu, 1947, tsarin Gwamna Richards ya fara aiki, aka raba ƙasa jiha uku, aka buɗe Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai a Kaduna, 'yan Arewa da 'yan Kudu suka soma yin doka a zaure ɗaya. Laifin da aka ga wannan tsari shi ne an ɗinka wa mutane riga ba a gwada su ba.

Gwamna Macpherson, wanda ya zo cikin 1948, ya ɗauki wata hanya, kuma nan ne labarin ya shigo zauren iyayen ƙasa. Cikin 1949 aka aika da tambayoyi ƙasa duka, aka ce a fara shawara daga ƙauye, a kai gunduma, daga gunduma a kai lardi, daga lardi a kai jiha. Ana so a haɗa iko wuri ɗaya ne, ko a rarraba wa jihohi? Majalisun jihohi su riƙa yin doka, ko su tsaya ga ba da shawara? Ta wace hanya za a zaɓi wakilai? A Arewa iyayen ƙasa suka tara dagatai da dattawa, malamai suka rubuta amsa. Ba za a ɓoye ba, tambayoyin baƙi ne ga yawancin waɗanda aka yi wa su, kuma a wurare da yawa abin da manya suka faɗa shi aka rubuta. Duk da haka wannan ne karo na farko da aka tambayi talakan ƙauye yadda ya ke so a mulke shi. Cikin waɗanda suka wakilci Arewa wajen tace amsoshin akwai Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda shi ma da sarautar gundumar Raba ya fara cikin 1934.

Aka yi babban taro a Badun cikin Janairu, 1950. Nan fa aka ja daga. Wakilan Arewa suka ce tun da Arewa ta fi yawan jama'a, lalle a ba ta rabin kujerun majalisar tsakiya, a kuma raba kuɗin ƙasa bisa yawan mutane. Sarkin Zazzau Ja'afaru ya ce in ba a yi haka ba Arewa za ta nemi a koma yadda a ke kafin 1914, Sarkin Katsina Usman Nagogo ya goyi bayansa. Daga bisani aka yarda. Tsarin 1951 ya ba Arewa kujeru 68, Gabas 34, Yamma 34. Malaman gunduma su lura da abin da hujjar Arewa ta dogara a kansa: lissafin mutane. Littafin nan da a ke raina, wanda malami ke bi gida gida yana rubuta magidanta, irinsa ne ya zama makamin sarakuna a Badun. Ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta zo ta nuna Arewa tana da kusan mutum miliyan 17 cikin miliyan 30 da 'yan kai.

Zaɓen 1951 hawa hawa aka yi shi a Arewa. Masu biyan haraji su zaɓi wakilin ƙauye, wakilan ƙauyuka su zaɓi na gunduma, haka har lardi, En'e kuma tana da ikon ƙara waɗansu mutanenta a matakin ƙarshe. Jam'iyyar NEPU ta yi kuka da wannan ƙwarai, domin ta kan ci a ƙasa ta faɗi a sama.

Tsarin bai yi ƙarko ba. Ran 31 ga Maris, 1953, Anthony Enahoro ya kawo batu a majalisa a Ikko cewa a ba Nijeriya mulkin kai cikin 1956. Sardauna ya ce a cire shekarar, a ce da zarar hali ya yi, domin Arewa ba ta da isassun ma'aikata 'ya'yanta, tana tsoron ta fita hannun Turawa ta faɗa hannun waɗansu. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Ikko. Cikin Mayu rikici ya tashi a Kano, mutum 36 suka mutu bisa lissafin hukuma. Majalisun Kaduna suka fito da buƙatu takwas waɗanda, da an bi su, da ba abin da zai rage tsakanin jihohi sai kwastan da jirgin ƙasa da tsaro da 'yan makamantansu. Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, Oliver Lyttelton, ya kira shugabanni Landan cikin 1953, aka ƙarasa a Ikko cikin 1954. Abin da ya fito shi ne tarayya sosai, wadda ta fara aiki ran 1 ga Oktoba, 1954. Aka jera ayyukan gwamnatin tsakiya, kamar soja da harkokin waje da kwastan da gidan waya, aka jera waɗanda za a yi tarayya a kansu, duk abin da ba a ambata ba kuwa na jiha ne. Sardauna ya zama Firimiyan Arewa. Majalisar Wakilai ta Tarayya ta sami kujeru 184, Arewa na da 92, ɗaya daga cikinsu kuma, ta Sakkwato ta Yamma, wani malamin makaranta ɗan shekara 29 ya hau ta, Shehu ɗan Magajin Shagari Aliyu.

Tarurrukan Landan na 1957 da 1958 suka share sauran hanya. Abu ɗaya cikinsu ya shafi aikin gunduma kai tsaye. Ƙananan ƙabilu sun nuna tsoron manya, aka naɗa kwamitin Willink ya bincika. Kwamitin bai ga a ƙara jihohi ba, sai ya ba da shawara a rubuta haƙƙoƙin ɗan adam cikin tsarin mulki: kada a tsare mutum ba bisa doka ba, kada a sa shi aikin tilas, kada a yanke masa hukunci ba a ji daga bakinsa ba, kada a hana shi addininsa. Tun daga lokacin ba a sake fitar da su ba, yau suna Babi na 4. Arewa ta karɓi mulkin kanta ran 15 ga Maris, 1959, ranar da aka zaɓa da gangan, shekara 56 daidai bayan faɗuwar Sakkwato. Ƙasa duka ta sami 'yanci ran 1 ga Oktoba, 1960, da Abubakar Tafawa Ɓalewa Firayim Minista, ta zama jamhuriya cikin 1963. Ran 15 ga Janairu, 1966, soja suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, aka jingine tsarin mulki shekara 13. Cikin shekarun nan ne aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya kawo ƙarshen En'e ɗungum.

Majalisar 1977

Janar Murtala Muhammed ya rantsar da kwamitin rubuta sabon tsari cikin Oktoba, 1975. Mutum 50 aka kira, Cif Obafemi Awolowo ya ƙi, saura 49 suka yi aikin ƙarƙashin lauya Rotimi Williams. Babbar tambayar da ke gabansu ita ce me ya kashe jamhuriya ta farko. Amsarsu kuwa, kowace jam'iyya ta zama ta jiha ɗaya, mutum yana iya zama Firayim Minista ba tare da ya taɓa neman ƙuri'a wajen mazaɓarsa ba, ga kuma shugabanni biyu a sama, Shugaban Ƙasa da Firayim Minista, waɗanda suka yi ja-in-ja bayan zaɓen 1964. Saboda haka suka karkata ga salon Amurka: shugaba ɗaya mai cikakken iko, wanda ƙasa duka ce mazaɓarsa, majalisa dabam, kotu dabam, kowa yana tsare kowa.

Aka kai daftarin gaban Majalisar Tsara Tsarin Mulki, wadda ta fara zama a Ikko cikin Oktoba, 1977, da Mai Shari'a Udo Udoma bisa kujera. Wakilanta sun haura 200, yawancinsu kansilolin ƙananan hukumomi ne suka zaɓe su. Alhaji Shehu Shagari, wanda ya zama Turakin Sakkwato tun 1962, ya kuma riƙe ma'aikatu da dama har da ta kuɗi, yana cikinsu.

Maganar da ta kusa fasa majalisar ita ce ta shari'ar Musulunci. Tun 1960 Jihar Arewa tana da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a guda ɗaya. Da aka rarraba Arewa jihohi, sai aka rasa kotun da za ta haɗa hukuncinsu, saboda haka daftarin ya kawo a kafa irinta ta tarayya domin al'amuran aure da gado da wasiyya da waƙafi na Musulmi. Wakilai Kirista da yawa suka ga wannan fifita addini ɗaya ne. Da aka cire sashen cikin Afrilu, 1978, wakilai Musulmi fiye da 80 suka fice, Shagari na cikinsu, ba su komo ba sai da Janar Obasanjo ya sa baki. Aka tsaya a tsakiya. Jihar da ta so tana iya kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya kuma tilas ta ƙunshi aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci, da uku masana dokokin gargajiya. Ba wanda ya fita yana murna, amma ba wanda ya fita daga ƙasar. Soja suka ƙara nasu kafin su sa hannu cikin Satumba, 1978, har da Dokar Mallakar Ƙasa, wadda ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamna. Wannan ma iyayen ƙasa sun ji shi a jika.

A shekarar nan ta 1978 aka buga wani ɗan littafi da Shagari ya rubuta tare da Jean Boyd a kan shugabancin Shehu Usmanu. Watau mutumin yana muhawara a kan tsarin Amurka a Ikko, zuciyarsa tana Sifawa. Sananne ne kuma cewa kujerar Majalisar Dattijai ya so nema, abokansa suka matsa masa, jam'iyyar NPN ta tsai da shi takarar shugaban ƙasa cikin Disamba. Amma ginshiƙin nan na farko na Kitabul Farƙi ba shi da mazauni cikin mulkin ƙuri'a. A nan sai mutum ya cika takarda, ya hau mota, ya bi gari gari yana cewa a ba shi. Abin da sabon tsari ya sa a madadinsa shi ne wa'adi: shekara huɗu, sau biyu, sa'an nan a sauka ko ana so ko ba a so.

Lissafin goma sha biyu da biyu bisa uku

Domin kada wani ya hau da ƙuri'ar yankinsa kaɗai, aka sa sharaɗi biyu. Ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma sami aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka jefa a kowace jiha cikin kashi biyu bisa uku na jihohi. Jihohi kuwa 19 ne a lokacin. Mutum sama da 200 sun yi watanni suna tankaɗe da rairaya, amma sashen ya wuce ba a fayyace abin da za a yi ba tun da 19 ba ta rabuwa uku.

Aka yi zaɓe ran 11 ga Agusta, 1979. Shagari ya sami 5,688,857, Awolowo 4,916,651. Shagari ya cika rubu'i a jihohi 12. A ta 13, watau Kano, inda Malam Aminu Kano ya rinjaya, ya sami 243,423 cikin 1,220,763, kaɗan ya rage ya kai kashi 20 cikin 100. Awolowo ya kai ƙara, ya ce ba a gutsura jiha, biyu bisa uku na 19 sai a cike shi 13. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce a'a, 12 ne da biyu bisa uku. Malamai su ɗauki alƙalami su gwada: biyu bisa uku na ƙuri'un Kano 813,842 ne, rubu'insu 203,460 da rabi, Shagari kuwa ya haura haka da kusan dubu arba'in. Ran 26 ga Satumba Kotun Ƙoli ta ba Shagari gaskiya, alƙalai shida bisa ɗaya, wanda ya saɓa shi ne Mai Shari'a Kayode Eso. Har yau masana suna gardama a kan hukuncin. Abin da ba a gardama a kansa shi ne wanda ya faɗi kotu ya tafi, kwana biyar bayan hukunci kuma aka rantsar da shugaba. Gambar ta yi aikinta, ko da ya ke an dasa ta a karkace. Yau jihohi 36 ne, biyu bisa uku 24 cif.

Manufofin mulki

Sabon abu mafi girma cikin tsarin 1979 shi ne Babi na 2, inda aka jera manufofin da kowace gwamnati za ta dosa. Indiya ta riga ta yi irin wannan cikin tsarinta na 1950. Babin ya ce iko na jama'a ne, daga gare su gwamnati ke samunsa. Ya ce tsaron mutane da jin daɗinsu shi ne aikin gwamnati na farko. Ya ce a raba muƙamai yadda wani yanki ko wata ƙabila ba za ta mamaye ba, daga nan ne aka wajabta a ɗauki minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha. Ya yi maganar ilmi kyauta gwargwadon hali, da hana tara dukiyar ƙasa a hannun 'yan kaɗan, da kawar da cin hanci. Wanda ya san ginshiƙan nan biyar ba zai ji baƙon abu da yawa ba a nan. Zai kuma gane tsohon giɓin, domin wani sashe ya hana kotu sauraron ƙarar cewa gwamnati ta kasa cika Babi na 2. Wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da alƙali. Ƙauyen da 'yan bindiga suka kora, ko wanda makarantarsa ta rushe, ba shi da alƙali a ƙarƙashin wannan babi, sai ranar zaɓe.

Soja suka kifar da Shagari ran 31 ga Disamba, 1983, wata uku bayan ya fara wa'adi na biyu. Ya koma garinsu bayan tsarewa, ya rasu ran 28 ga Disamba, 2018, aka rufe shi a Shagari. Tsarin da ya yi aiki da shi kuwa bai mutu ba. Wanda gwamnatin Janar Abdussalami Abubakar ta zartar, wanda ya fara aiki ran 29 ga Mayu, 1999, na 1979 ne da 'yan gyare-gyare. Cikin jadawalinsa na farko an rubuta sunan Boɗinga da na Shagari cikin ƙananan hukumomi 23 na Jihar Sakkwato. Sashe na 7 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, cikin Yuli, 2024, kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyansu kasonsu na kuɗin tarayya kai tsaye.

Akwai gyara ɗaya da ya kamata iyayen ƙasa su sani sarai. Tsarin 1960 da na 1963 sun ba Arewa Majalisar Sarakuna mai hannu cikin yin doka. Na 1979 ya rage ta zuwa majalisar ba da shawara a kowace jiha, ya kuma ba sarki ɗaya daga kowace jiha kujera a Majalisar Ƙasa. Na 1999 bai ba sarakuna wani aiki ba ko kaɗan. Ma'anar wannan ita ce sarautar uban ƙasa, da naɗinsa, da albashinsa, da na malaminsa, duk bisa dokar jiha su ke tsaye, Majalisar Dokokin Jiha kuwa tana iya sake ta a zama ɗaya. An ga misali cikin 2024, sa'ad da aka gyara dokar Jihar Sakkwato aka ce Majalisar Sarkin Musulmi ta ba da sunaye, Gwamna ya naɗa.

An sha kai maganar ba sarakuna gurbi gaban Majalisar Tarayya. Hanyar gyara tana Sashe na 9: sai kashi biyu bisa uku na Majalisar Dattijai da na Majalisar Wakilai sun yarda, sa'an nan majalisun jihohi 24 su amince. Kafin a kai nan kwamitocin majalisun biyu su kan zaga shiyyoyi su saurari jama'a, su kan kuma karɓi takardun shawara daga duk wanda ya rubuto. Uban ƙasar da ke da magana zai bi da ita ta Majalisar Sarkin Musulmi, a rubuce, da lambar sashen da ya ke so a gyara da kalmomin da ya ke so a sa a wurin, da kwanan wata, da hatiminsa. Malami ya ajiye kwafi ɗaya a ofishin gunduma.